Suna Ɗaya, Aiki Daban

Da likita ya rubuta wa ɗana Ritalin saboda larurar rashin tattara hankali, takardar ta yi mako biyu a aljihuna kafin na saya. A matsayina na manazarcin harshe, na gano abin da ya firgita ni: kalmar “ƙwaya”. Da ita muke kiran maganin asibiti, da ita muke zagin mashayin tiramadol.

Tsoron yana da tushe, domin maganin kan rage cin abinci, ya hana barci, shi ya sa bibiyar likita ta wajaba. Amma tun 1937 Charles Bradley, likita a Amurka, ya lura dangin wannan magani kan natsar da yara a aji.

Iyaye, kada gudun surutun maƙwabta ya sa mu bar yaro yana shan bulala da sunan gagara.