Martani: Tuwon Asuba Ba Ya Kai Mai Keke Jos

Tafiyar keke daga Kafanchan zuwa Jos a yini guda ba a yin ta da ƙoshin asuba kaɗai, duk da wani marubuci ya wallafa cewa malmala biyu ta wadatar, wai ci a hanya ragwanci ne. Maganar ba ta da tushe.

Hanyar da ta bi ta Kagoro da Manchok da Ganawuri hawa ce, domin Kafanchan tana bisa mita 700 da ɗoriya daga doron teku, Jos kuwa kusan 1,200. Sukarin da jiki ke tarawa a hanta da tsoka yakan ƙare bayan kamar awa biyu na tuƙi mai ƙarfi. Daga nan sai jiri da sanyin gwiwa, komai jarumtar mutum. Tuwo mai nauyi kuma kasala yake sakawa tun kafin a wuce duwatsun Kagoro.

Shiri na gaskiya makonni yake ci, ana ƙara nisa sannu a hankali. Daren tafiya a ci shinkafa ko acca, da asuba a sha kunu. A hanya ana buƙatar abincin da zai ba da giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari kowace awa: dabino, ayaba, dafaffen dankali. Ruwa kuma kamar rabin lita a awa, da ɗan gishiri saboda gumi, ko da hunturu ne, lokacin da busasshiyar iska ke ɓoye ƙishirwa. Faci da famfo su ma ba a barin su gida.