Kafintocin bodin mota sun cancanci kulawa a Potiskum

Duk ranar Laraba, Kasuwar Shanu ta Potiskum kan cika maƙil da dabbobi daga Yobe, Borno, Nijar da Chadi, manyan motoci kuma na jiran lodi zuwa Legas da Fatakwal. Ana maganar dillalai da direbobi, amma ba a cika tuna kafintan da ke gyaran bodin katako ba.

Aikinsa kusan ɗaya ne da na mai gyaran kwale-kwale a Gashuwa ko Gaidam, bakin Kogin Yobe. Can ruwa ke cin katako, nan kuwa fitsari da kashin shanu. Kafinta kan ƙwanƙwasa kowane falanki, ya cire ruɓaɓɓe, ya sa mai ƙwari, ya sauya kusoshin da suka yi tsatsa. In ya yi ha'inci, daɓe ya ɓurma a hanya, sa ya karye a ƙafa, falke ya tafka asara.

Gyaran nan na cikin abin da ke riƙe da tsofaffin manyan motocin Marsandi 911 har yau.

Ya kamata gwamnatin Yobe da ƙungiyoyin direbobi su ware wa kafintocin rumfuna, su tallafa wa masu koyo, su kuma wajabta duba bodi kafin lodi.