Cushe a Takardar Kuɗin Wayar Girke: Wa Ya Kamata Ya Kawo Shaida?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san cewa idan mutum ya kai ƙara yana bin wani bashi, wancan kuwa ya musa, to mai da'awar ake cewa ya kawo shaidunsa. Ba a taɓa jin an sallami wanda ake ƙara an ce ya tafi ya nemo shaidar cewa bai ci bashi ba, domin abin da bai auku ba ba shi da ganau. Wannan ƙa'ida, wadda ko yaron dillali ya san ta, ita ce aka kifar a ƙasar Amurka har tsawon shekaru fiye da 15 a kan takardar kuɗin wayar girke, watau tarhon gida mai igiya. Rigimar da ta biyo baya kuwa ta isa a tsaya a dube ta da idon basira.

Ga yadda abin yake. Ƙarshen wata ya yi, takardar kamfanin waya ta iso gida, maigida ya dubi jimla a ƙasa ya biya. A can tsakiyar takardar kuwa, a shafi na uku ko na huɗu, akwai wani ɗan layi na kuɗi kaɗan, sau da yawa tsakanin dala 2 da dala 20, da sunan wani kamfani wanda maigidan bai taɓa jin labarinsa ba, wai ladan wata hidima ce da ya nema. Wata rana a ce akwatin ajiye saƙon murya ne, wata rana a ce adireshin imel ne, ko kuwa kuɗin zama ɗan wata ƙungiya. Amurkawa sun raɗa wa wannan ɗabi'a suna da wata kalma tasu mai ma'anar cushe, kamar yadda ake cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando a rufe shi da mai kyau.

Tushen al'amarin yana cikin shekarar 1984, lokacin da aka rarraba babban kamfanin AT&T, wanda a da kusan shi kaɗai ke riƙe da wayar ƙasar, aka fitar da kamfanoni bakwai na yankuna daga cikinsa. Daga nan sai ya zamana wanda ya kawo igiya gida daban, wanda ke ɗaukar kiran nesa daban. Domin kada a riƙa aiko wa mutane takardu barkatai, sai kamfanin yanki ya ci gaba da rubuta kuɗin kamfanin kiran nesa a takardarsa, ya karɓa, ya miƙa. Wannan shiri ne mai ma'ana, babu wanda ya yi kuka da shi. Amma cikin shekarun 1990 aka buɗe ƙofar ga masu sayar da hidimomin da ba su da wata dangantaka da kiran waya, takardar ta koma kamar katin banki. Bambancinsu kuwa mai girma ne. Lambar katin banki asiri ce, kuma tun 1974 akwai doka a Amurka wadda ta ba mai kati haƙƙin ƙin biyan abin da yake jayayya a kansa har a bincika. Lambar waya kuwa tana nan a buge cikin kundin lambobi, kowa na iya buɗewa ya kwafa. Wanda ya san lambar gida ya sami hanyar shiga aljihun gidan ke nan.

Hannu uku kuɗin ke bi. Akwai mai da'awar cewa ya yi hidima. Akwai dillalin da ke tattara irin waɗannan da'awoyi daga ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ya kai su ga kamfanin waya. Sa'an nan ga shi kansa kamfanin wayar, wanda ke buga takarda da tambarinsa, ya karɓi kuɗi, ya cire la'adarsa kafin ya miƙa saura. A wannan la'ada ce maganar duka ta ratayu, domin ita ta mai da mai gadi abokin cin mushe.

Mai nazarin harshe zai fi kowa gane dabarar da aka yi wajen raɗa wa cushen suna. Takardar waya ta Amurka dama cike take da ƙananan kuɗaɗe na halal waɗanda talaka bai san kansu ba: harajin tarayya, harajin jiha, kuɗin layin gaggawa na 911, gudummawar asusun kai waya karkara, da sauransu. Saboda haka mai cushe ba ya bukatar ƙarya mai ƙafa. Ya ishe shi ya zaɓi kalmomi masu sanyi waɗanda ba su cewa kome, irin su kuɗin hidima ko kuɗin wata, kalmomin da suka yi kama da maƙwabtansu a shafin. Ɓarawon da ya sa rigar 'yan gida ba ya bukatar haura katanga. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta lura da haka. A 1998 aka tara kamfanoni suka yi alkawarin gyara da kansu, a 1999 kuma hukumar ta kafa ƙa'idoji cewa lalle a bayyana kowane kuɗi da magana mai sauƙi, a ambaci sunan mai shi, kuma a bambanta kuɗin da rashin biyansa ke sa a yanke layi da wanda ba ya sawa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya nuna inda tsoron jama'a yake. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, wayar nan ce hanyarta ta kiran likita, ba za ta yi caca da layinta a kan dala 10 ba. Biya za ta yi, ko da zuciyarta ba ta kwanta ba.

Wanda ya yi ƙarfin hali ya buga wa kamfanin wayarsa, amsar da ya fi samu ita ce wannan kuɗi ba nasu ba ne, ga lambar masu shi, ya kira su. Ya kira dillali, dillali ya tura shi ga mai hidima, mai hidima ya ce ai akwai wanda ya amince a gidan, ko dai ta murya, ko ta cika wata takardar gasa a intanet. Idan an yi sa'a a mayar masa da kuɗin wata ɗaya ko biyu, alhali an shekara ana cira. Mayar da kuɗi ga mai ƙorafi kuwa bai taɓa cin ribar masu cushe ba, domin masu ƙorafin 'yan kaɗan ne. A shari'ar da hukumar kare masu saye, FTC, ta yi da wani kamfani mai suna Inc21 a jihar Kalifoniya, binciken da aka gabatar wa kotu ya nuna kashi 97 cikin ɗari na waɗanda ake cirar kuɗinsu ba su taɓa amincewa ba, kuma kashi 5 kacal suka san ana cira. A 2010 kotun ta yanke cewa a biya kusan dala miliyan 38. Ɗan kasuwar da ke cin mutum 20, ɗaya ya farga, me zai rage masa in ya sallami wannan ɗayan da murmushi?

A watan Yulin 2011 kwamitin ciniki na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Jay Rockefeller, ya fitar da rahoto bayan bincike na shekara guda. Ya gano ana ɗora irin waɗannan kuɗaɗe na wasu kamfanoni kimanin sau miliyan 300 a kowace shekara, abin da ya haura dala biliyan 2, kuma kaso mai yawa babu izinin kowa. Kamfanoni uku, AT&T da Verizon da Qwest, sun sami fiye da dala miliyan 650 na la'ada daga 2006 zuwa lokacin rahoton. Ma'aikatan kwamitin sun zanta da mutane da masu sana'a sama da 500 waɗanda aka ɗora wa kuɗin, ba a sami ko ɗaya da ya ce shi ya nema ba. Abin dariya, in da ba na takaici ba ne, shi ne an tarar da cushe a kan layukan da babu ɗan Adam a bakinsu: layin ƙararrawar gobara, layin na'urar hawa bene, layin ma'ajiyar kuɗi ta banki, har da layukan mamata. Yaushe ƙararrawar gobara ta nemi akwatin ajiye saƙo? A wannan shekarar ce kuma FCC ta ƙiyasta cewa gidaje miliyan 15 zuwa 20 abin ke shafa duk shekara.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Akwai masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wanda bai karanta takardarsa ba shi ya so. Maganar tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma ba ta ɗaukar nauyin da aka aza mata. Mutum yana biyan takardar ne saboda tambarin da ke samanta, tambarin kamfanin da iyayensa suka yi hulɗa da shi shekara da shekaru. Amanar nan ita ce hajar da kamfanin ya sayar wa dillalai, ba tare da ya shawarci masu ita ba. Sakacin mai gida wajen kulle ƙofa ba ya wanke wanda ya ba ɓarawo mabuɗi. Akwai kuma masu cewa haɗa kuɗaɗe a takarda ɗaya sauƙi ne ga jama'a, kuma akwai kamfanonin kirki da ke cin abinci ta wannan hanya. Haka ne, musamman a kiran nesa da kiran da mai amsawa ke biya. To amma hanyar da aka tambayi mutum 500 aka rasa ɗaya da ya ce ya so ta, da wuya a ce don sauƙinsu aka shimfiɗa ta.

Hujjar da ta fi kowace rauni ita ce ta kamfanin waya, cewa shi ɗan aike ne kurum. Ɗan aike ba ya cire rabonsa daga saƙo. A kasuwar kara, dillalin da ya ci la'ada a kan saniya shi ake fara kamawa idan ta tabbata ta sata ce, kuma ba ya tsira da cewa ga gidan mai ita can. Wanda ya rubuta bashi a takardarsa, ya sa hatiminsa, ya karɓi kuɗi da hannunsa, ya zama mai da'awa, shaida kuma tana wuyansa. Abin da ya dace tun farko shi ne layi ya zo a kulle, kada kowa ya ɗora masa kwabo sai mai shi ya buɗe da kansa, kuma duk ran da ya musa wani kuɗi a dakatar da shi nan take har wanda ya ɗora ya kawo hujja.

Jihar Vermont ta kusanci wannan a 2011, da ta haramta yawancin irin wannan ɗori a kan wayar girke. Hukumar FCC kuwa ba ta kai nan ba. Ƙa'idojinta na 2012 sun tsaya ga cewa a ware kuɗin wasu kamfanoni a sashe na dabam, kuma kamfanin da ke da hanyar toshewa ya sanar da mutane. Watau dai har yanzu mai layi ne zai tashi ya nemi a rufe ƙofar da bai buɗe ba. Matsin majalisa da ƙararrakin kotu su suka fi tasiri, domin a cikin 2012 ne Verizon da AT&T da CenturyLink suka ba da sanarwar daina karɓar yawancin waɗannan kuɗaɗe a layukan gida. Duk da haka ba a toshe kafar duka ba. A 2016 AT&T ya yarda ya biya dala miliyan 7.75 saboda wasu kamfanoni biyu na yankin Cleveland a jihar Ohio, waɗanda suka riƙa ɗora wa mutane kimanin dala 9 a wata da sunan hidimar neman lamba, hidimar da ba a taɓa yi ba. Ba kamfanin wayar ne ya gano su ba. Jami'an yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ne suka ci karo da zancen suna binciken wani laifin dabam. Kafin nan ma cushen ya riga ya yi ƙaura zuwa wayar hannu, inda tsakanin 2014 da 2015 manyan kamfanoni huɗu, AT&T da T-Mobile da Verizon da Sprint, suka biya fiye da dala miliyan 350 a sulhu da hukumomi.

Mai karatu a Nijeriya zai iya cewa wannan labarin nesa ne, tun da wayar girke ta zama tarihi a yawancin gidaje. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, ya durƙushe bayan shigowar wayar salula a 2001, ya tafi da takardunsa da dogayen layukan masu jayayya a kan kiran da suka rantse ba su yi ba. Sai dai cushen ya sami gida mafi daɗi a nan, domin yawancin mutane kati suke sawa kafin su kira, babu wata takarda ta ƙarshen wata da za a buɗe a nuna layin da ake musu a kansa. Mutum ya sa katin naira 500 da dare, ya wayi gari an zabge wani abu da sunan waƙar jiran kira ko labarin ƙwallo da bai san ya nema ba. A 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 domin mutum ya aika saƙo a daina damunsa da tallace-tallace, ga kuma lambar 622 ta kai ƙorafi. An gode. Amma manomin da bai iya karanta saƙon Turanci ba, shi ne har wa yau ake jira ya fara gano cewa an cire, ya san lambar, ya rubuta kalmar da ake so, sa'an nan ya jira amsa.