Wa Ya Ba Su Wakilcin Matan Duniya?

Tun ranar da Majalisar Dattawan Faransa ta amince, a watan Fabrairun 2025, da ƙudurin hana mace lulluɓe kanta a gasar wasanni, nake kasa kunne ko matan nan masu tsattsauran ra'ayi, waɗanda suka cika duniya da kururuwar 'yancin mace, za su tashi su yi tir, alhali kuwa na sani sarai da hannun wasunsu aka ƙulla wannan ƙulli. Ai ba a manta ba, a shekarar 1989, sa'ad da aka kori 'yan mata uku daga makaranta a garin Creil saboda ɗankwali, Elisabeth Badinter, wadda ake yi wa kallon limamiyar wannan tafarki, tana cikin waɗanda suka rattaba hannu a wasiƙar da ta gargaɗi malaman makaranta kada su sassauta. Daga nan aka samu dokar hana ɗankwali a makarantu ta 2004, aka bi ta da ta niƙabi a 2010, har aka kai ga abaya a 2023, inda a ranar farko ta komawa makaranta aka mayar da yara mata 67 gida don sun ƙi sauya tufafinsu.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda har gobe ba ya barin idona, shi ne hoton nan na bakin teku a birnin Nis a 2016: baiwar Allah tana zaune a kan tsakuwa, 'yan sanda maza ɗauke da makamai sun tsaya a kanta, tana cire rigarta a bainar jama'a. Idan miji ne ya tilasta wa matarsa sutura, sunansa azzalumi. To, hukumar da ta tilasta mata tuɓewa, wane suna ya dace da ita?

Masu kururuwar 'yancin nan za su ce wai akwai waɗanda iyaye ke yi wa dole. Wannan hujja ba ta kai a tsaya a kanta ba, domin ba a taɓa warkar da tilas da wani tilas ɗin ba, kuma ba su tambayi yaran ba balle su ji ta bakinsu. Wadda ma ta ce da yardarta ta saka, sai a ce an juya mata tunani, a toshe mata baki da sunan ceto.

Mu da Faransa ta mulki 'yan'uwanmu a Damagaram da Maraɗi mun san asalin wannan ɗabi'a. A watan Mayun 1958, ana tsakiyar yaƙin Aljeriya, matan manyan hafsoshin soja suka tara matan Musulmi a dandalin birnin Aljas, aka yaye musu lulluɓi ana tafi, a daidai lokacin da sojojin mazajensu ke azabtar da 'yan ƙasar a ɗakunan tsare mutane. Wannan aƙida jikanyar waccan ce, kuma ina roƙon 'yan'uwanmu mata masu ilimi, kafin su ari kalmominta su yafa, su fara tambayar yaran nan 67 abin da aka yi musu.