Ku Tuna da Sanyin Gida

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, kada gumin Kurmi ya mantar da ku cewa daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne a gida. A Barade ta Jalingo, sanyin asuba ya fi cutar da tsofaffi da yara. Wanda ba shi da bargo yakan kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, alhali iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci.

A ganinmu, bargo da rigar sanyi su ne farkon aiken bana. Mai haramar zuwa gida kuwa ya saurari hasashen kwana uku na hukumar NiMet. In an ambaci hazo, ya haƙura da tafiyar dare. Allah Ya kiyaye.