An Sayar Da Zango A Abuja, Wa Zai Ƙera Rariyar?

Jama'a, duk ɗan Arewan da ya zauna Ikko ko Badun a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda ake neman Rediyon Kaduna a mita 49. Sai an yi ta murɗa maɓalli a hankali kafin a raba muryar gida da hayaniyar wasu tashoshi.

Abin da ke yin wannan aiki wata 'yar na'ura ce mai aikin rariya, wadda ke barin zangon da ake so ya wuce, ta tare sauran. A da fallayen ƙarfe ne ke juyawa a cikin akwatin idan an murɗa. Yanzu kuwa injiniyoyi suna ƙera rariyar da ƙarfin lantarki kaɗai ke sauya mata zango, guda ɗaya ta yi aikin da sai an jera da yawa. Ba wayar salula ko turken sadarwa da zai yi aiki ba rariya.

To, ran 13 ga Disamba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon zangon 5G a Abuja. MTN da Mafab suka ci, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Madalla da kuɗi. Amma iska ba ta da shinge, rariya ce ke hana wani shiga gonar wani. A Amurka, cikin 2022, sai da aka jinkirta kunna 5G kusa da filayen jirgin sama, don zangonsa ya kusanci na na'urar da ke gaya wa direban jirgi nisansa daga ƙasa. Daga baya aka ƙara wa jirage rariya.

Mu fa galibin waɗannan kaya daga waje muke sayo su. A ganinmu ya kamata Gwamnatin Tarayya ta ware wani kaso na kuɗin gwanjon don ɗakunan gwaji a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, ta kuma ɗora wa hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, nauyin fara ƙera su.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Sabo, yaranku masu koyon gyaran waya kada su tsaya ga sauya gilashi da batir. Ku tura su makarantun koyon fasaha su san lissafin abin. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Allah ya sa mu dace.