A Bar Yaro Ya Karanta Falsafa

Akwai wata magana da ta zauna a bakin iyaye da dattawan ikkilisiya, har ta kusa zama doka ta goma sha ɗaya. Wai yaron da ya karanta falsafa ya yi hasara biyu, ya rasa abinci, ya kuma rasa bangaskiya. Ana jinta a Maraɗi, ana jinta a Garwa da Kumasi, yanzu kuwa ta haye teku ta waya, tana bin 'ya'yan da ke karatu a Amurka. Yaro ya gaya wa mahaifinsa ya ɗauki darasin falsafa a kwalejin garinsu, sai gida ya ɗauki zafi, a aika wa fasto, a sa sunansa cikin addu'ar Laraba kamar wanda ciwo ya kwantar. Wannan magana kuskure ce, masu yinta kuwa ba su taɓa buɗe littafin da suke tsoro ba.

Da farko ya kamata a san irin makarantar da ake magana a kai, gama mutane da yawa a gida sun ɗauka duk abin da ake kira kwaleji a Amurka jami'a ce. Kwalejin al'umma makaranta ce ta shekara biyu wadda hukumar jiha da ta yanki suke ɗaukar nauyinta, tana karɓar kusan duk wanda ya gama sakandare. Wadda ake lasaftawa ta fari a cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Illinois, an buɗe ta a 1901 da ɗalibai shida. Yau sun kai wajen dubu. A can ne direban tasi da mai aikin dare a asibiti suke karatu, a can ne kuma 'ya'yan baƙi suke farawa, ko 'yan Nijar da ke Greensboro, ko 'yan Gana da ke unguwar Bronx a New York. Dalilin a fili yake. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, ɗan yanki yana biyan wajen dala 4,000 a shekara a irin wannan kwaleji, jami'ar gwamnati mai shekara huɗu kuwa ta haura dala 11,000 ga ɗan jiha. Baƙon da ya shiga da bizar ɗalibi yana biyan fiye da haka nesa, kuma a 2025 Amurka ta tsananta ba da biza ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da Cadi. Saboda haka ba ana zuga kowa ya sayar da gona ya tafi ba ne. Maganar a kan waɗanda suka riga suka isa ce.

Masu hanawa sukan fara da wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Kolosiyawa, sura ta 2, inda ya gargaɗi masu bi kada a kama su da ilimin yaudara na al'adun mutane. Daidai ne, gargaɗin yana nan. Amma wanda ya daure ya karanta surar har ƙarshenta zai ga abin da ya dami manzon: masu kafa wa mutane dokoki a kan ci da sha, da idin tsayawar wata, da yi wa mala'iku sujada. Wannan ya fi kama da masu sayar da man shafawa da ruwan albarka a tasha, bai yi kama da ajin da ake koya wa yaro bambanta hujja da surutu ba. Bulus ɗin nan dai shi ne ya tsaya a Atina, a Ayyukan Manzanni sura ta 17, ya yi muhawara da Abikuriyawa da Sitokiyawa, watau manyan makarantun falsafa biyu na zamaninsa. A Tudun Arasa ya jawo maganar mawaƙansu ya kafa hujja da ita. Mutum ba ya jawo maganar da bai taɓa karantawa ba. Waɗansu sun yi masa ba'a, amma Diyonisiyas da Damaris sun ba da gaskiya.

Tarihin ikkilisiya ma bai goyi bayan dattawan ba. Yustinu, wanda aka kashe a Roma wajen shekara ta 165 saboda sunan Almasihu, ya bi makarantun falsafa ɗaya bayan ɗaya kafin ya tuba, bayan tubarsa kuma bai tuɓe rigar masu falsafa ba, da ita yake koyarwa. Agustin, ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Yana da wajen shekara 19 ya karanta wani littafin Shisharon mai kiran mutum ga neman hikima, littafin arne ne kuwa, daga nan ƙishirwar gaskiya ta kama shi. Ya yi shekara tara cikin ruɗin Manikiyawa, kuma littattafan almajiran Aflatun na cikin abin da ya taimake shi fita, har aka yi masa baftisma a Milan a 387. Da mahaifiyarsa Monika ta bi shawarar dattawan yau ta ƙwace littattafan, da wa ya san abin da ikkilisiya za ta rasa.

Ga ma abin da ya fi wannan kusa. Ikkilisiyoyi da yawa suna karanta Ƙa'idar Bangaskiya ta Nikiya ran Lahadi. A taron nan na shekara ta 325, da bishop-bishop suka so su faɗi cewa Ɗan da Uban ainihinsu ɗaya ne, kalmar Helenancin da suka ɗauka ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, a bakin masu falsafa take. Ashe dattijon da ke tsine wa falsafa ran Asabar yana furta kalmarta ran Lahadi a tsaye, hannu a ƙirji. Ikkilisiyar Katolika ba ta naɗa kowa Fada sai ya yi karatun falsafa kafin na tauhidi, a 1998 kuma Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya rubuta doguwar wasiƙa sukutum a kan yadda bangaskiya da hankali suke tafiya tare. Maƙwabta Musulmi ma sun daɗe da wuce wannan gardama. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu yana kare ilimin manɗiƙi daga malaman da suka haramta shi.

Za a ce ai akwai yaran da suka shiga ajin da bangaskiya suka fito babu. Akwai, ba mai musun wannan. A ajin za a karanta Hume da Nietzsche da Russell, waɗanda ba su yi wa addini da sauƙi ba, wani malamin ma yakan ji daɗin ganin yaro ya rikice. Sai dai a yi tambaya guda: yaron da aka hana shi ajin, an hana shi jin maganar ne? Tana cikin aljihunsa. Kafin ya yi barci ya ji mutum goma a waya suna cewa in Allah mai ƙauna ne me ya sa jarirai suke mutuwa, in Allah ɗaya ne ina aka samo uku. A waya ana jefo masa tambayar ne kawai, a bar shi da ita cikin dare. A aji kuwa dole a gaya masa cewa tambayar ta tsufa, cewa Agustin da Toma Akwinas sun yi fama da ita, a sa shi ya rubuta hujjar wannan gefe da ta wancan, a nuna masa inda kowace take da rauni. Manzo Bitrus ya umarci masu bi su zauna da shirin ba da amsa ga mai tambayar dalilin begensu. Kirista mai jin Hausa, wanda a yawancin garuruwa shi kaɗai ne a layinsu, ya fi kowa bukatar wannan shiri. Abin mamaki ma, a Nijar da Cadi da sashen Faransanci na Kamaru, duk ɗan lise yana yin falsafa a ajin ƙarshe kafin bakaloriya, iyaye suna ta addu'a ya ci jarrabawar. Darasin da aka yi wa addu'a a Yamai, yaya ya zama na Shaiɗan da ya isa Greensboro?

Saura maganar abinci. A nan dattawa suna da rabin gaskiya, ya kamata a ba su abinsu. Takardar shekara biyu a falsafa ita kaɗai ba ta ba kowa aiki. Babu kamfanin da ke neman mai falsafa kamar yadda ake neman nas ko mai gyaran lantarki. Wanda gida yake jiran kuɗinsa wata mai zuwa, ya yi aikin jinya ko na walda, ba abin kunya a ciki, ya ɗauki falsafa ɗaya ko biyu a gefe. Dama tsarin ya ba da wuri, gama kafin a ba ɗalibi takardar, wadda take wajen kiredit 60, sai ya yi waɗansu darussa na ilimi gama-gari, darasin manɗiƙi ko na ɗa'a kuwa yakan cike wannan gurbi. Watau sau da yawa yaron bai ɓata ko dala ɗaya ba.

Amma ga wanda zai ci gaba, hanyar a buɗe take. Shekara biyun nan rabin digiri ne, ana ƙaura da su zuwa jami'a a cika kiredit 120. A jihar Kalifoniya an yi doka a 2010 wadda ta ba mai irin wannan takarda tabbacin gurbi a jami'o'in jihar na tsarin CSU, falsafa tana cikin fannonin da dokar ta shafa. Daga digiri kuwa ƙofofi suna da yawa. A Amurka ba a shiga makarantar lauya sai da digiri na fari, kowane fanni ne, sa'an nan a yi shekara uku, kuma shekara da shekaru 'yan falsafa suna cikin masu cin maki mafi yawa a jarrabawar shiga da ake kira LSAT. Ba sihiri ba ne. Jarrabawar tana gwada karanta magana mai wuya da gano inda hujja ta karye, aikin da suka yi ta yi ke nan tun ajin fari. Makarantun tauhidi na Furotesta su ma sai da digiri ake shigarsu, bishop-bishop na Katolika a Amurka kuwa sun ƙayyade kiredit 30 na falsafa ga mai neman zama Fada. Waɗansu suna shiga aikin gwamnati, ko jarida, ko kwamitocin asibiti masu duba abin da ya halatta a yi wa mara lafiya. Hanya ɗaya ce za a yi wa yaro kashedi a kanta, wato zama malamin falsafa. Guraben kaɗan ne, yawancin masu koyarwa a kwalejojin al'umma ma 'yan kwantiragi ne da ake biya darasi-darasi.

Kada kuma wani ya ce wannan karatun Turawa ne. Anton Wilhelm Amo, wanda aka ɗauke daga wajen Axim a Gana yana ƙarami, ya shiga jami'ar Halle a 1727, ya sami digirin dakta a Wittenberg a 1734, ya koyar da Jamusawa falsafa a Halle da Jena. Kwasi Wiredu na Kumasi, wanda ya rasu a 2022, ya yi shekaru da yawa yana koyar da ita a Florida.

Haɗarin da ke gaban yaron na gaske yana wani wuri dabam, dattawa kuwa ba sa ko ambatonsa. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna wajen kashi 80 cikin 100 na masu shiga kwalejin al'umma suna da niyyar samun digiri, amma kashi 16 ne kawai suke samunsa cikin shekara shida. Aikin dare yana cinye waɗansu, kuɗin haya ya cinye waɗansu, waɗansu kuma buƙatun gida ne suke karya su, gama duk wanda akuyarsa ta mutu a ƙauye sai ya kira ɗan Amurka. Wani ofishin bincike na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa masu ƙaura daga makaranta zuwa makaranta suna hasarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗin da suka tara, domin sabuwar makarantar ba ta yarda da su ba. Kuɗi ne da watanni suka bi ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uba ko kawun da ya ɗaga waya zai yi faɗa a kan Aflatun, gara ya tambayi yaron wace jami'a yake nufi bayan shekara biyu, ko kwalejinsa tana da rubutacciyar yarjejeniya da ita, ko ya zauna da mai ba ɗalibai shawara tun zangon fari an rubuta masa darussan da za su bi shi, da kuma awa nawa yake aiki a mako. In ya wuce awa talatin, a rage abin da ake nema a wurinsa har ya gama.